Hedifon mai kashe hayaniya: na dala 400 ya fi na dala 100 nesa ba kusa ba, ko suna kawai ake saye?

Dan_Hotoro:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riƙe abin da hannunsu. Aikina shi ne sauraron hirar da aka naɗa ina mayar da ita rubutu, kuma a gida nake yi, daga bayan isha'i zuwa wajen ɗayan dare. Janaretan maƙwabcina a jikin katangar ɗakina yake. Da an ɗauke wuta ya tayar, shi ke nan, sai na ƙure sautin iyafis kafin in ji abin da ake faɗa. Kwanan nan idan na kwanta sai in ji kunnena na dama yana wani siririn kuka.

Abin da na tara bai wuce naira dubu 150 ba. Ina kallon Soundcore Space One sabo, ko Sony WH-CH720N sabo, ko kuma Sony WH-1000XM4 na hannu idan na cika kuɗi. Wani abokina kuma ya ce kada in ɓarnatar da kuɗina, in yi haƙuri in tara in sayi Sony XM5, wanda ya biyo bayan XM4, ko na kamfanin Bose. To don Allah, wajen kashe ƙara da daɗin sauti, bambancin ya kai ratar da ke tsakanin kuɗin?

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga sunayen kamfanoni, ka yi sa'a da irin ƙarar da ke damun ka. Yadda abin yake aiki shi ne akwai ƙananan makirufo a jikin hedifon, suna ɗaukar ƙarar da ke waje, sai na'urar da ke ciki ta ƙirƙiro wani sauti kishiyar wancan ta sako maka a kunne. Inda wancan ya tashi wannan ya sauka, sai su cinye juna. Wannan shi ne abin da ake rubutawa ANC a kwali. Dabarar ta fi cin ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa: rurin injin jirgin sama, fanka, na'urar sanyaya ɗaki, janareta. Amma ƙarar da ke zuwa ba zato, kamar hon ɗin mota, faɗuwar kwano ko muryar mutum, ba ta iya cim mata sosai. Wannan sai dai sosan da ya rufe kunnen ya tare abin da ya samu.

Saboda haka a kan janareta, ko na dala 100 zai ba ka mamaki. Ba zai ɓace gaba ɗaya ba, amma zai koma kamar a layin baya yake.

Ummu_Khalil:
@Injiniya_Samaru Malam, to mu da hayaniyar yara ce ke hana mu karatu fa? Ina shirin jarrabawa, yara uku a gida.

Injiniya_Samaru:
Hajiya, zai rage amma za ki ji su. Muryar yaro siririya ce, tana ratsawa. A nan ne ma masu tsadar suka fi nuna kansu, domin sun fi rage muryoyi. Amma kada wani ya ce miki za ki ji shiru kamar a maƙabarta.

Ummu_Khalil:
To ai gara ma in riƙa jin su, kada wani ya faɗi ban sani ba. Na gode.

Fatake_Kwari:
Ni ina da XM4 da Bose QuietComfort 45, kuma da su nake tafiya saro kaya. Bari in faɗi abin da kunnena ya ji, ba abin da na karanta ba. A cikin jirgi kusan kunnen doki suke yi wajen kashe ruri. Inda suka rabu, Bose ya fi daɗin sawa. Na taɓa yin barci da shi tun daga tashi har aka fara shelar sauka, kaina bai yi ciwo ba. Sony kuma ya fi kaurin sauti, batirinsa ya fi daɗewa, awa 30 a kan 24 na Bose, kuma idan ka jona shi minti goma zai ba ka kusan awa biyar. Ga wanda ke zaune inda wuta ke zuwa ta awa biyu ta tafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin da nake so a XM4 shi ne yana naɗewa ya shige ƙaramar jaka. XM5 da ya fito a 2022 ba ya naɗewa, sai a XM6 na 2025 suka dawo da naɗin. Don haka maganar abokinka cewa sai XM5, ni ban yarda ba. XM4 a 2020 ya fito amma har yau bai tsufa ba.

Sadauki99:
Ku dai faɗi gaskiya, suna ake saye. Galibi a ƙasashen Asiya ake haɗa su.

Fatake_Kwari:
@Sadauki99 ɗan'uwa, ka taɓa sa su a kunne ɗaya bayan ɗaya? Ƙanina yana da Soundcore Life Q30, mun gwada a jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Ƙugin taragon duka biyun sun danne shi. Amma da wasu mutum biyu suka ɓarke da musun siyasa a kujerar bayanmu, da nasa ina bin musun kalma bayan kalma, da nawa kuwa sai dai in san ana magana. Bambanci akwai shi. Ko ya kai ninki huɗu na kuɗi, wannan kuma aljihun kowa ne zai amsa.

Sadauki99:
To ai ka dawo kan maganata. Ninki huɗu a kuɗi, ba ninki huɗu a aiki ba.

Mai_Shagon_Waya:
Shekarata tara ina sayar da kayan waya, bari in ja kunnen mai tambaya a kan abu biyu.

Na farko, ka duba kwali da kyau. Wani za ka ga an rubuta ENC, mai shago ya ce maka ai shi ne mai kashe hayaniya. Ba ƙarya ya yi ba, amma ba naka kunnen ake kashe wa ba. ENC yana tace muryarka ne don wanda kuke waya da shi ya ji ka tas. Kai kuwa janareta na nan daram a kunnenka. Wanda kake nema ANC ne. Mutane da yawa sun dawo mini da ƙorafi a kan wannan, kuma ba a wurina ma suka saya ba.

Na biyu, jabu ya yi yawa, musamman na manyan sunaye. Kwalin ya yi kyau, ledar ta yi kyau, har da lambar jiki. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka sauke manhajar kamfanin a wayarka tun daga gida, ta Sony ana ce mata Sound Connect yanzu, Soundcore da Bose ma kowa da tasa. A gaban mai shagon ka haɗa. Idan manhajar ta gane shi, ta nuna maka sunansa da batirinsa, ta bar ka ka canza saiti, to da alama na gaske ne. Idan ya ce ba a buɗe kwali sai ka biya, ka ce ya rubuta maka a rasit cewa za a dawo da kuɗi idan bai haɗu da manhaja ba. In ya ƙi, ka yi gaba.

Bakatsine_a_Legas:
Wallahi abin da ya same ni ke nan. Na ga an sa wani a intanet rabin kuɗinsa, aka ce gwanjon kwastan ne. Ya iso, na danna maɓallin kashe ƙara, wata murya ta ce an kunna, amma ko fankar ɗakina bai rage ba. Maɓallin murya kawai yake fitarwa. Na kira lambar har na gaji. Araha ba ta ado.

Kalangu_Studio:
Kowa na ta maganar ƙara, an bar rabin tambayar. Ya ce daɗin sauti. Ni aikina haɗa sauti ne, kuma ga yadda nake gwada hedifon: ba na sa waƙar zamani mai kiɗan kwamfuta, domin kowane irin tarkace zai yi daɗi da ita muddin yana da bes, wato kaurin sauti. Ina sa kiɗan kalangu ko na kukuma da aka naɗa da makirufo, da muryar mawaƙi da 'yan amshi. A hedifon mai kyau za ka ji lokacin da makaɗi ya matse tsarkiyar kalangu a hammatarsa sautin ya hau, ya saki ya sauko, za ka ji bakin sandar kiɗan yana taɓa fata. Za ka iya ware 'yan amshi, wannan a dama, wancan a hagu. A marar kyau duk sai su cakuɗe, bes ya hau kan murya ya zauna.

Da wannan ma'aunin, cikin waɗanda na saurara Sennheiser Momentum 4 ya fi burge ni, kuma batirinsa awa 60 ne. Amma wajen kashe ƙara Sony da Bose suna gabansa. Sony yadda ya zo daga kwali kaurinsa ya yi mini yawa, sai na shiga manhaja na rage ƙasan na ɗaga tsakiya kaɗan. Na Soundcore ma haka, suna son cika bes, amma da yake manhajarsu na da wurin gyara, ana iya lallaɓa su.

Kai kuma @Dan_Hotoro, murya kake saurara, ba kiɗa ba. Abin da kake buƙata shi ne tsakiyar sauti ta fito fili, ka bambance "sa" da "tsa", "ka" da "ƙa". Wannan ba sai na dala 400 ba. Ka rage bes kawai a saiti, za ka ga bambanci.

Yaro_Mai_Android:
Ni dai shawarata ka ɗauki Space One saboda yana da LDAC, wata hanyar tura sauti ta Bluetooth, shi kuwa CH720N ba shi da shi. Wajen yawan bayanan sautin da ake turawa a daƙiƙa, LDAC na kai wa 990 kbps, SBC na gama-gari kuwa bai fi 328 ba. Sau uku ke nan.

Injiniya_Samaru:
Alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma ka tambayi kanka me zai bi ta wannan bututun. Idan hirar da aka turo masa ta WhatsApp ce, an riga an matse ta tun kafin ta iso wayarsa. Faɗin hanya ba ya ƙara wa jaki kaya. LDAC na da amfani ga mai sauraron fayil da ba a matse ba, a ɗaki shiru, kuma yana cin batir fiye da sauran. Sannan mai iPhone ba ruwansa da shi kwata-kwata, wata hanyar da ake kira AAC ce iyakarsa. A Android ne aka shigo da shi tun daga Android 8.

Yaro_Mai_Android:
Na yarda, Malam. Amma ni dai ina jin bambanci a waƙa.

Kalangu_Studio:
Ka sa wani ya riƙa canza maka ba tare da ka ga allon ba, sau goma, ka rubuta abin da ka zata kowane karo. In ka ci takwas, to kunnenka ya fi na yawancinmu. Ni na gwada, sosan kunne da yadda ya zauna a kai sun fi canza mini sauti.

Hajiya_Maitama:
AirPods Max nake amfani da shi tun da duk kayana na Apple ne. Daga waya zuwa kwamfuta da kansa yake sauyawa, kuma idan na sa shi a yanayin da ke barin sautin waje ya shigo, kamar ba komai a kunnena. Amma ba zan ba mai tambaya shawararsa ba. Dala 549 aka fitar da shi a 2020, batirinsa awa 20 ne, nauyinsa kuma ya kai giram 385. XM4 giram 254 ne, CH720N kuwa 192. Wanda zai zauna awa biyar a gaban kwamfuta, wuyansa zai san bambancin.

Abin da ban ga an ambata ba, mu mata: idan kika ɗora shi a kan hijabi ko ɗankwali, sosan ba ya manne wa fata, sai ƙara ta samu ƙofa, kaurin sautin ma ya zube. A gida ina sa shi a ƙarƙashin mayafi. Masu tabarau ma haka, ƙafar gilashin na buɗe 'yar kafa.

Dan_Maradi:
Sannunku da hira. Nan wajenmu abin da ya kamata a tambaya shi ne zafi. Watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, wa zai iya rufe kunnensa da fata awa uku? Nawa, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, shekara guda da rabi fatar sosan ta fara ɓarewa, in na cire sai in ga baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Gumi ne ke cin ta. Na yi jigilar neman sabon soso har sai da wani ya kawo mini daga Kano. Tun daga nan nake goge shi da ƙyalle mai ɗan danshi duk dare, kuma ba na barin shi cikin mota. Kafin ka saya ka tambaya ko ana samun sosansa a kasuwa. Na sanannun ana samu, na waɗanda ba a san asalinsu ba kuwa in ya ɓare an gama.

Mai_Shagon_Waya:
@Dan_Maradi gaskiya ka faɗa. Kuma wannan ya shafi XM4 na hannun da yake magana. Abu uku zai duba: soso, maɗaurin da yake naɗewa ko ya tsage, da batir. Batir irin na waya ne, yana tsufa, zafi kuma na ƙara tsofar da shi. Wanda aka yi shekara huɗu ana caji ba lallai ya ba ka awa 30 ɗin ba, kuma a tsaye a shago ba za ka gane ba. Sabo yana da garanti, na hannu sai amanar mai sayarwa.

Nas_Binta:
Ni maganar kukan kunnen ce ta tsaya mini, kuma na ga an wuce ta. @Dan_Hotoro ɗan'uwa, wannan alama ce cewa kunnen na shan wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90, awa huɗu ne kacal a makon gaba ɗaya. Wanda ke ƙure iyafis don ya danne janareta ya wuce nan. Ƙananan gashin da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Babban amfanin mai kashe hayaniya a wurina shi ne zai sa ka saurara a rabin sauti maimakon ƙurewa. Saboda haka ban goyi bayan ka jira wata shida kana tari ba. Wata shidan nan a kan kunnenka za su ƙare. Ka sayi wanda kuɗinka ya kai yanzu, ka rage sauti, ka riƙa cirewa kana hutawa bayan kowace awa. Idan kukan ya wuce mako biyu bai daina ba, ka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a duba ka.

Dan_Hotoro:
Allah ya saka da alheri, Anti. Wallahi ban ɗauki abin da girma haka ba.

Malam_Na_Zaure:
Allah ya ƙara lafiya. Tunatarwa kaɗan: wanda ya toshe kunnensa haka ya kula da lokacin salla. Ni na taɓa zama ina sauraron tafsiri, ban farga ba sai da na ga mutane suna dawowa daga masallaci. Yanzu agogon waya nake saitawa. Kuma kada a sa shi ana tafiya a bakin titi ko a kan babur. Ɗan adaidaita sahu zai yi ta hon, kai kana wata duniya.

Fatake_Kwari:
Malam, a na Sony manyan idan ka dafa tafin hannunka a kunnen dama, sautin zai sauka ka ji waje nan take. Akwai kuma saitin da ke tsayar da abin da kake saurara da zarar ka yi magana. Mai bin karatu da baki sai ya kashe wannan a manhaja, in ba haka ba duk ayar da ya ja zai tsaya.

Tarihi_Dadi:
Tun da an ambaci Bose, asalin abin a jirgi ya faro. Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, a 1978 yana dawowa daga Turai aka ba shi abin sauraro a jirgi, rurin injin ya hana shi jin komai, ya ɗauki takarda ya fara lissafi tun kafin su sauka. Matuƙa jirgi aka fara yi wa, sai a 2000 na gama-gari ya fito da sunan QuietComfort.

Injiniya_Samaru:
Haka ne, sai dai tunanin ya girme shi. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya yi rajistar dabarar kashe sauti da kishiyarsa tun a shekarun 1930. Kayan aikin zamaninsa ne ba su kai ba.

Baba_Makaniki:
Yara, ku bar ni in sa baki. Duk kun taru a kan kunne, ba wanda ya je wurin janaretan. Ɗana, ka sami maƙwabcin nan da girmamawa, ka ce za ka sayi tsohuwar taya a ɗora injin a kai, a matsar da shi daga jikin katanga ko da taku biyar ne, a duba salansa ko ta fashe. Wani ɓangare na abin da kake ji girgiza ce ke bin ƙasa da bango, ba iska ba. Wannan ba zai ci maka dubu goma ba. Amma kada a kai shi cikin ɗaki ko lungun da ba iska don gudun ƙara, hayaƙinsa na kisa. Sannan akwai abin rufe kunne na masu aikin injin niƙa da kafintoci, ba batir ba caji, ka sa iyafis ɗinka a ciki ka ɗora shi a kai.

Sadauki99:
Baba ya gama magana.

Kalangu_Studio:
Dabarar Baba tana aiki, amma wancan abin yana matse kai sosai, kuma ya fi tare siririyar ƙara a kan mai kauri. Akasin ANC ke nan. Ga mai awa biyar kullum, zai gaji. Tayar dai a sa ta ko me zai saya.

Zango_Kumasi:
Ni CH720N nake da shi wata takwas, aikin amsa kiran kwastomomi nake yi daga gida. Rashin nauyinsa ne ya sa na zaɓe shi, batir awa 35, kuma yana zuwa da waya mai jonawa. @Dan_Hotoro wannan zai yi maka amfani, domin Bluetooth na da ɗan jinkiri, idan kana tsayarwa kana komawa baya sau ɗari a dare za ka lura. Ka jona wayar hedifon a kwamfuta, kada ka kashe shi, kashe ƙarar na ci gaba da aiki. Ba ya naɗewa dai, kuma ba ya zuwa da jaka.

Dan_Hotoro:
Na dawo da labari. Jiya na je kasuwa da manhajojin a wayata kamar yadda @Mai_Shagon_Waya ya ce, na kuma tafi da hirar da nake aiki a kanta. Allah ya taimake ni babu wuta, janaretan layin na ta ruri a bakin shagon. Space One da CH720N duka sun danne shi har na ji hirar a ƙasa da rabin sauti. A kunnena Space One ya ɗan fi kashe rurin, CH720N kuma ya fi sauƙi a kai, muryar ma ta fi fitowa kafin in taɓa saiti. XM4 na hannun ya fi su duka, har surutun masu ciniki ya ja baya, amma sosansa na hagu ya fara tsagewa kuma mai shi ya ce garantin kwana uku kawai zai bayar. Ban saya ba tukuna. Maƙwabcina kuma ya amince da maganar taya, @Baba_Makaniki, ranar Asabar za mu matsar da injin.

Fatake_Kwari:
Kwana uku sun isa ka gwada batir. Ka cika shi, ka kunna ANC, ka bar shi yana waƙa, ka ga awa nawa zai yi. In ya haura 20, ka nemi ragin kuɗin soso ka ɗauka.

Nas_Binta:
Ni dai sabo mai garanti. Kuma ya kunnen?

Dan_Hotoro:
Da sauƙi, Anti, kwana biyu ban ƙure sauti ba. Zan bari a matsar da janaretan in ji abin da ya rage, sannan in koma kasuwar ranar Litinin. @Zango_Kumasi, naka yana sa gumi sosai da rana?

Zango_Kumasi:
Yana sawa. Bayan awa ɗaya da rabi nake cirewa in goge.